Abin Da Muka Gani A Tsofaffin Masallatan Alƙahira

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya raya mu har muka ga wannan rana da ake aza harsashin ɗakinsa a unguwarmu. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, sa'ad da kwamitin gini ya yanke shawarar buga wannan ɗan littafi, sai Malam Liman, Allah ya ƙara masa lafiya, ya umurce mu da mu rubuta wani abu game da tsofaffin masallatan da muka gani a ƙasar Masar. Dalili kuwa, mun yi zaman karatu na shekara biyu a birnin Alƙahira, daga 2007 zuwa 2009, mu da wani abokinmu tun na makarantar allo. Mu ba magina ba ne, Larabci da fiƙihu suka kai mu. Amma da yake ba a darasi ran Juma'a, sai muka mayar da ita ranar yawo: kowane mako mu shiga bas daga masaukin ɗalibai baƙi da ke Abbasiyya, mu nemi wani tsohon masallaci mu yi salla a cikinsa, mu zauna har la'asar muna kallo. Da wani dattijo cikin malamanmu ya ga haka, sai ya ce kallo ba karatu aikin yara ne, ya nuna mana littafin Maƙrizi, malamin tarihin nan da ya rasu a shekara ta 845 bayan Hijira, watau 1442 Miladiyya, wanda ya bi masallatan birnin ɗaya bayan ɗaya ya rubuta labarinsu. Mun fara yawon nan muna tambayar wane ne ya gina wannan. Kafin mu gama, tambayarmu ta koma: me ya hana wannan rushewa?

Za mu fara da wanda ya girme su duka, watau masallacin Amru ɗan Asi, Allah ya yarda da shi, wanda ke Fusɗaɗ, a kudancin birnin. An gina shi a shekara ta 21 bayan Hijira, wajen 642 Miladiyya, a zamanin halifancin Sayyadina Umaru, shi ne kuma masallaci na farko a ƙasar Masar. Mun je muna ɗokin taɓa bangon da sahabbai suka taɓa, sai muka tarar ko tubali ɗaya na ginin farko bai rage ba. Masallacin da Amru ya gina tsawonsa kamu 50 ne, faɗinsa kamu 30. Ginshiƙansa kututturen dabino ne, daɓensa tsakuwa, rufinsa gajere. Ba hasumiya, ba ƙubba, ba ma ɗan lungun nan na liman da muke kira mihirabi. Masallatai da yawa a unguwanninmu sun fi shi girma. Sai dai an ruwaito cewa sahabbai 80 suka tsaya a kan daidaita alƙiblarsa, wannan kuwa ado ne da ba a sayensa da kuɗi.

Da jama'a ta yi yawa, sai aka riƙa ƙara shi. A shekara ta 53 (673) gwamna Maslama ɗan Mukhallad ya faɗaɗa shi, ya yi wa ladanai wurin kiran salla a kusurwoyinsa huɗu. Wajen 92 (711) Ƙurra ɗan Shariku ya sāke shi, ya sa masa mihirabi. A 212 (827) Abdullahi ɗan Ɗahiru ya ninka girmansa, ya kai shi iyakar da yake a yau. Cikin haka ne Imamu Shafi'i ya zauna a cikinsa yana karantarwa. Gobara ta ci shi, girgizar ƙasa ta taɓa shi, an rushe an sāke ba sau ɗaya ba. Abin da bai canza ba shi ne filin, da sallar da ake yi a cikinsa. Kowane zamani ya gina gwargwadon yawan masallatansa, ya bar wa na baya nasu aikin.

Masallacin da ya fi daɗewa a ranmu shi ne na Ahmadu ɗan Ɗulun, don haka mai karatu zai yi mana haƙuri mu ɗan tsaya a kansa. Shi Ahmadun nan Baturke ne, ya tashi a Samarra ta ƙasar Iraƙi, aka aiko shi Masar a 254 (868), daga baya ya riƙe ƙasar da kansa. Ya kafa sabon gari mai suna Ƙaɗa'i, ya gina masallacinsa a kan wani tudun dutse, daga 263 zuwa 265 (876 zuwa 879). An ce ya kashe dinari 120,000.

Mutum yakan baro hayaniyar titi ya shiga ƙofar farko, sai ya tarar bai iso masallaci ba tukuna. Wani fili ne fetal tsakanin katanga biyu, wanda ya kewaye ginin ta gefe uku, aikinsa kawai ya raba mai salla da surutun kasuwa. In ka ratsa shi ka shiga ƙofa ta biyu, sai farfajiya ta buɗe a gabanka, kowane gefenta kimanin ƙafa 300, shiru kamar ba a tsakiyar birni mai miliyoyin mutane kake ba. Abokinmu, wanda ba ya rabo da magana, ran nan sai da muka taɓa shi kafin ya ce uffan.

Ginin jan bulo ne, aka shafe shi da farar ƙasa irin tasu. Babu ginshiƙan marmara kamar na sauran masallatan zamanin, sai dai kafaɗaɗɗun ginshiƙai na bulo, bisa kansu bakuna masu ɗan tsini a ƙoƙuwa, sahu bayan sahu. Masu tarihi sun kawo dalili biyu. Na farko, Ahmadu ya ce yana son ginin da ko gari ya ƙone zai tsaya, ko ruwa ya ci gari zai tsaya, aka ce masa to sai bulo da farar ƙasa, don marmara ba ta jure wuta. Na biyu, an gaya masa ginin zai ci ginshiƙi 300, ba kuwa inda za a same su sai an ciro daga majami'un Kirista, shi kuwa ya ƙi. Sai wani magini Kirista da ke tsare a kurkuku ya aiko cewa zai gina masa ba da ginshiƙin kowa ba. Aka fito da shi, ya zana, aka yarda.

Adon wurin ba na zinariya ba ne. Farar ƙasar nan aka sassaƙa tun tana ɗanya, aka yi ganyaye da reshe masu naɗe juna a bakin kowane baka da ƙarƙashinsa, ba inda zane ya fara balle inda ya ƙare. A saman bango akwai tagogi 128, kowace an rufe ta da raga ta farar ƙasa mai zanen da'ira da taurari, rana na ratsowa tana zuba zanen a ƙasa. Can ƙarƙashin rufi kuma akwai wani dogon allo na katako da ya zagaye masallacin, an sassaƙa ayoyin Alƙur'ani a jikinsa da rubutun Kufi. Mu da muka tashi da rubutun allo ba mu sha wahalar karanta shi ba, don rubutunmu na warash ɗan'uwansa ne. Wasu ɗaliban kuwa da suka saba da rubutun bugu kaɗai sai da muka riƙa ja musu baƙi. Hasumiyar kuma matakalarta ta waje take, tana naɗe jikinta tana hawa, irin ta Samarra inda mai ginin ya tashi. Mun hau sau ɗaya, jiri bai bari mun ƙara ba.

A nan ne muka tuna gida. Wanda ya taɓa shiga tsohon masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, zai gane abin da muke nufi: tubali da azara, ginshiƙai masu kauri, bakuna suna haɗuwa a sama, zane a jikin ƙasar ginin kanta. Ba muna cewa wani ya koya daga wani ba ne. Abin da muke cewa, gwani a can da gwani a nan duk sun ɗauki ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsu sun fitar da abin da ya fi na masu sayo dutse daga nesa.

To, ga abin da ya sami wannan gini. Tun da farko an ruwaito cewa da aka gama shi mutane sun yi ɗari-ɗari da yin salla a ciki, suna cewa ba su san inda kuɗin ya fito ba, har sai da Ahmadu ya tara su ya rantse cewa wata taska ce da ya samu a binne, ba dukiyar talakawa ba. Ya kuma ajiye likita da ɗakin magani a bayan masallacin saboda wanda ciwo zai kama ran Juma'a. Amma a 292 (905), shekara 26 kacal bayan gamawa, rundunar Abbasiyawa ta zo ta rushe garin Ƙaɗa'i, ta bar masallacin kaɗai. Maganar Ahmadu ta tabbata, gari ya tafi gini ya tsaya. Sai dai masallacin da ba maƙwabta, wa zai share shi? Sannu a hankali jama'a ta janye, har ya zama zangon alhazan Magariba, suna sauka da raƙumansu a kan hanyarsu ta zuwa Makka. Daga baya ma ya koma kango.

A cikin kangon nan ne wani amiri mai suna Lajin ya ɓuya a 693 (1293), bayan an kashe Sarki Ashraf Halilu da hannunsa a ciki. Yana ɓoye ya yi wa Allah alkawari, in ya tsira zai raya wurin. Ya tsira, har ya hau gadon sarauta a 696 (1296), bai kuwa manta ba. Ya kashe dinari 20,000, ya gyara rufi, ya gina ƙubbar alwala da ke tsakiyar farfajiya har yau, ya sa aka yi mumbari na ƙananan katakai da aka sarƙa cikin juna suka fitar da taurari. Amma abin da ya fi wannan duka, ya sayi ƙasa ya yi waƙafinta ga masallacin, ya yanka albashin liman da ladanai da masu shara, ya sa darasin mazhabobi huɗu, da tafsiri, da hadisi, har da likitanci, da makarantar marayu. Suyuɗi ya kawo wani abin dariya a nan: mai tsara takardar waƙafin ya sa har da kuɗin kiwon zakaru a kan soro don su riƙa tā da masu duba lokaci da asuba. Da aka karanta wa Lajin, kome ya yi masa daɗi ban da wannan, ya ce a soke kada mutane su yi musu dariya. Mu dai a ganinmu mai zakarun nan ya san aikinsa, ya san masallaci ba ya tafiya sai an yi tanadin ƙaramin abu kamar yadda aka yi na babba. Lajin bai yi shekara uku a kan gado ba aka kashe shi, amma waƙafinsa ya daɗe yana aiki bayansa. Da wannan ma ya raunana, sai ga masallacin a ƙarni na 19 ya zama maƙera a wani lokaci, ya zama gidan gajiyayyu a wani, aka toshe bakunansa aka yi ɗakuna. Allunan mumbarin Lajin kuwa aka ɓalle su, wasu suna gidan tarihi a birnin Landan. Sai bayan an kafa hukumar kula da tsofaffin gine-gine a 1881 aka fara kwashe tarkacen.

Daga nan sai Azhar, wanda a ƙarƙashin sunansa muka yi karatu. Jauhar, kwamandan Faɗimiyawa, ya fara shi a 359 (970), aka yi Juma'ar farko a cikinsa cikin Ramadan na 361 (972). A 378 (988) aka yanka wa malamai albashi don su zauna su karantar, daga nan ya zama makaranta. Mutane da yawa ba su san cewa Azhar ma ya taɓa yin kusan shekara 100 ba a Juma'a a cikinsa ba. Da Salahuddini ya kawar da daular Faɗimiyawa a 567 (1171), alƙalinsa Bashafi'e ya yi hukunci cewa ba a huɗuba biyu a gari ɗaya, aka mayar da Juma'a masallacin Hakim. Sai a 665 (1266), zamanin Sarki Baibars, aka dawo da ita. Wanda ya tsaya a kan haka kuwa wani amiri ne, Aidamur Hilli, wanda gidansa ke jikin masallacin. Ya ga hakkin maƙwabtaka ya hau kansa, ya ƙwato dukiyar masallacin da ke hannun mutane, ya sa tasa, ya nemi ta sarki.

Wanda ya tsaya a farfajiyar Azhar ya ɗaga kai zai ga zamanai sun jeru. Bakunan da suka kewaye shi na Faɗimiyawa ne. Hasumiyar Sarki Ƙaitbai tana nan da sassaƙar dutse kamar an saƙa ta da allura, kusa da ita ta Sarki Guri mai kai biyu. Babbar ƙofa kuwa, wadda ake kira Ƙofar Wanzamai don a nan ake yi wa ɗalibai aski a dā, aikin Abdurrahman Katkhuda ce, wajen 1167 (1753). Ba mutum ɗaya ya gina Azhar ba, ba kuma a ƙarni ɗaya ba.

In ka shiga Ƙofar Wanzamai, akwai makarantu biyu suna kallon juna, ɗaya a dama ɗaya a hagu, labarinsu kuwa ya kamata duk mai ba da gudummawa ya ji shi. Ta dama, amiri Ɗaibars ya gina ta a 709 (1309). Mihirabinta na ƙananan yankan marmara ne masu launi iri-iri, ana lissafa shi cikin mafi kyau a ƙasar Masar. Maƙrizi ya ce da aka gama, masu kula da aikin suka kawo wa Ɗaibars takardun lissafin abin da aka kashe. Sai ya sa aka kawo tasa da ruwa, ya wanke takardun bai karanta ba, yana mai cewa abin da aka fitar saboda Allah ba a komawa lissafinsa. (Wannan fa tsakanin mai bayarwa ne da dukiyarsa. Ma'ajin kwamiti kada ya kafa hujja da shi, shi lissafinsa wajibi ne.) Ta hagu kuwa amiri Aƙbuga ya gina ta wajen 740 (1340), a kan filin gidan Aidamur ɗin nan da ya raya Azhar. Yadda ya sami filin, ya ba magadan bashi, ya bari sai da suka ci, sa'an nan ya matsa musu har suka sallama masa gidan. Ya kuma tilasta wa magina da masassaƙa su yi masa aikin yini guda kowane mako ba lada, ya ɗora musu wani bawansa mai duka. Maƙrizi ya ce saboda haka makarantar ta fito da duhu, ba ta da fara'ar da aka san wuraren ibada da ita. Mu mun dube su duka biyu, ba za mu yi ƙarya mu ce idonmu ya ga duhun ba, don ita ma tana da ƙubba da hasumiya masu kyau. Amma shekara kusan 700 ke nan, duk ɗalibin da ya buɗe littafin nan sai ya karanta yadda aka sami filin.

Abin da ya riƙe Azhar a tsawon zamanin nan shi ne ruwaƙai, watau sassan da aka keɓe wa ɗaliban kowace ƙasa, kowane da shehinsa da waƙafinsa, inda a dā ɗalibi ke samun wurin kwana da rabon gurasa. Akwai na Magariba, da na mutanen Sham, da na Turkawa, akwai kuma na Barnawa. Ashe mutanen ƙasashenmu ba jiya suka fara zuwa ba. Malam Muhammadu Alkashinawi, Bakatsine masanin lissafi, a birnin nan ya rasu a 1154 (1741), a gidan Shehu Hasan Jabarti, mahaifin marubucin tarihin nan da ya ba da labarin yadda sojan Faransa suka shiga Azhar da dawakinsu a 1798. Masallacin da ke ciyar da ɗalibai ba ya zama kango, ko da an yi masa irin wannan wulaƙanci, don da gari ya waye akwai mai sharewa.

Na huɗu shi ne masallacin Sarki Hasan, a gindin ganuwar Salahuddini. In girma ake nema, a nan magana ta ƙare. An fara shi a 757 (1356), da dutse. Ƙofarsa kaɗai ta kai kimanin ƙafa 125, samanta an sassaƙa shi rami-rami kamar saƙar zuma. Kana shiga sai wani lungu mai duhu ya yi ta karkata da kai, kwatsam ka faɗo cikin farfajiya mai haske, manyan rumfuna huɗu na dutse suna fuskantar juna. A kusurwoyi huɗu akwai makarantun mazhabobi huɗu; mu dai muka nemi ta Malikiyya muka tsaya a bakin ƙofarta. A rumfar alƙibla an zagaye bango da farkon Suratul Fathi, manyan baƙaƙen Kufi a kan gadon furanni, sarƙoƙi kuma suna reto daga sama inda a dā fitilun gilashi masu rubutu suke. Da yawa daga cikin fitilun nan mun gan su a gidan adana kayan tarihin Musulunci na birnin.

Amma ina kuɗin ya fito? Annoba ta shiga Masar a 749 (1348), ta share gidaje, dukiyar waɗanda suka mutu ba magaji ta koma baitulmali, da ita aka sami ƙarfin wannan aiki. Duk da haka ginin ya so ya fi ƙarfin mai shi, har an ruwaito sarkin da kansa ya ce da ba don kada a ce Sarkin Masar ya kasa gama abin da ya fara ba, da ya bari. Ya yi niyyar hasumiya huɗu. Ta uku, wadda aka ɗora bisa ƙofa, ta rufto a 762 (1361) ta kashe mutum wajen 300, da yawansu marayu ne 'yan makarantar da shi kansa ya kafa a wurin. Bayan kwana 33 aka kashe sarkin, ba a kuwa ga gawarsa ba, ƙubbar da ya tanadar wa kansa 'ya'yansa aka sa a ciki. Wani hadiminsa ne ya ƙarasa aikin. Tsawon ginin ma ya zame masa jarraba: masu tawaye suka riƙa hawa kansa suna harbin fada, har Sarki Barƙuƙ ya sa aka rushe matakalar shiga aka toshe ƙofar. Ƙyauren tagulla kuwa Sarki Mu'ayyad ya ɗauke shi ya kai nasa masallacin, yana can har yanzu. Ba mu faɗi wannan don rage darajar wurin ba, Allah ya sani ba mu taɓa tsayawa a gini mai kwarjininsa ba. Amma tun ran da muka karanta labarin marayun nan, ba mu ƙara kallon doguwar hasumiya ba tare da tunanin wanda ke zaune a gindinta ba.

Akwai gini na biyar da za mu ambata, ko da yake ba mu gan shi ba, don babu shi. Wajen shekara ta 640 da 'yan kai bayan Hijira, watau bayan 1240 Miladiyya, alhazan Kanem suka tara kuɗi suka ba alƙali Alamuddini ɗan Rashiƙ, ya gina musu makarantar Malikiyya a Fusɗaɗ, ya karantar a cikinta. Maƙrizi ya ce ta yi suna ƙwarai a ƙasashen Takruru, kusan kowace shekara ana aiko mata da kuɗi daga can. Mutanen yankinmu ke nan, shekara kusan 800 da suka wuce, suna gina makaranta a bakin kogin Nilu. Yau sunanta kawai ya rage a littafi.

Ya ku iyayenmu da 'yan'uwanmu, ba ɓoyayyen abu ba ne cewa an yi ja-in-ja a zaman kwamiti kafin a kai ga taswirar da ke cikin wannan littafi. Wasu daga cikin manyan masu taimako sun so a fara da hasumiya biyu da ƙubba, don a hango masallacin tun daga bakin titi, niyyarsu kuwa kyakkyawa ce, Allah ya ba su ladanta. Malam Liman ya saurari kowa, ya sa muka karanta wa zaman waɗannan labarai, sa'an nan aka daidaita a kan haka. Za a fara da ɗakin salla daidai yawan jama'armu na yau, a bar fili ta baya da gefe saboda ƙari. Tare da shi za a haƙa rijiyar burtsatse, a yi wurin alwala da bayan gida, na maza daban na mata daban, da rumfar makarantar allo. Jerin shagunan da ke fuskantar titi waƙafi ne, kuɗin hayarsu na liman da ladan da mai shara da gyaran rufi ne, ba a sayar da su, ba a gadonsu. Filin kuwa an saye shi da yardar magada duka, an biya su a gaban shaidu, an kuma yi alkawari ba leburan da zai kwana bai karɓi ladansa ba. Hasumiya ɗaya ce, an nuna gurbinta a kusurwar taswira nesa da rumfar yara, za a zuba mata nata harsashin tun yanzu bisa shawarar injiniya, amma ba za a ɗaga ta ba sai an rufe ɗakin salla an buɗe shagunan.

Takardar waƙafin da littafin shiga da fitar kuɗi suna hannun magatakarda. Duk wanda ya ba da ko sisin kwabo yana da ikon ya zo ya duba su, kowace Asabar bayan sallar la'asar, a zauren Malam Liman. Allah ya nuna mana ranar buɗewa da rai da lafiya, amin.